Gindin Bango: Yadda Ruwa Ya Ci Wani Gidan Ƙasa a Sakkwato Bayan An Yi Masa Filasta

Gidan yana cikin tsohon garin Sakkwato, a ɗaya daga cikin shiyoyin da ke kewaye da Hubbare, inda lungu ke da ƙuncin da mota ba ta shiga, sai babur da baro. Ginin tubali ne na gado: zaure, ɗakunan kwana uku a jere, da ɗakin ajiya a ƙarshensu. Duk huɗun bango ɗaya suka haɗa ta baya, dogo, wanda ke kallon gabas ta wajen lungu. Kaurinsa a gindi ya kai kamu ɗaya da rabi, yana sirancewa yana hawa. Shekara da shekaru abin da aka saba shi ne, da bazara ta kama a kira magini ya yi yaɓe, a gyara indararo, a jira ruwa.

Da gidan ya dawo hannun babban ɗa, wanda Allah ya buɗa wa a kasuwa, sai ya ƙudura raba iyalin da wannan ɗawainiya ta kowace shekara. Aka yi wa ɗakunan kwana filastar siminti ciki da waje, aka bi cikin da fentin mai, aka shimfiɗa tayil, aka malale tsakar gida da kankare har jikin bango, aka ɗora kwano a kan soraye. Ɗakin ajiya kaɗai aka tsallake a filasta da tayil, don kuɗi sun ƙare kafin a kai gare shi. Ya zauna da yaɓensa na ƙasa da tsohon daɓensa.

Bayan damina uku sai ɗakuna suka soma wari irin na rufaffen wuri. Tufafin da ke cikin akwati suka yi fumfuna. Fenti ya kumbura ya yi bororo daga ƙasa zuwa wajen ƙugun mutum, wani farin gari yana fitowa a kan layi mai lanƙwasa. Sannan wani dare cikin hunturu, wata huɗu rabon garin da ɗigon ruwan sama, filasta mai faɗin tabarma ta ɓalle daga waje ta faɗo cikin lungu. Allah ya kiyaye ba kowa a wurin.

In an ce ruwa ya ci gidan ƙasa, hankalin Basakkwace yakan tafi ga ambaliya, irin ta watan Satumba na 2010 da Gulbin Rima ya cika ya batse, ya share ƙauyuka, ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Wannan gida a kan tudu yake, ruwa bai taɓa kwana a cikinsa ba. Shi ya sa maigidan ya rasa inda zai sa abin. "Malam, duba mani wanga al'amari," in ji shi. "Wurin da anka kashe ma kuɗɗi shi yal lalace, wurin da anka bari ko ƙwarzane babu." Zarginsa ya tafi ga birkila, cewa ya rage siminti. Wasu maƙwabta suka ce simintin ne ya kwana biyu a shago. Akwai ma wanda ya kawo maganar sammu.

Abin da aka tarar

An fara da ƙwanƙwasa filastar da ƙotar wuƙa, daga sama zuwa ƙasa. Daga kafaɗa zuwa sama sautin a cike yake. Daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa ƙararta holoƙo ce kusan ko'ina, alamar ta rabu da bangon, tsayuwa kawai take yi da ƙarfin kanta. Da aka ɓamɓare wani yanki, sai ga ƙasa iri biyu. Ta farko, mai kaurin yatsa biyu a bayan filastar, ta zama gari, tana zuba da an taɓa ta, da ɗanɗanon gishiri a harshe. Ta cikinta kuma baƙa ce, da sanyi, in ka damƙe ta sai ta dunƙule ta ɗauki shaidar yatsunka. Cikin watan Janairu ke nan, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewar iska.

Don kada a tsaya kan gani da ido, aka ɗebi rabin kilo daga cikin wannan bango, da wani rabin kilo daga ɓangaren ɗakin ajiya, tsayi ɗaya daga ƙasa. Aka auna kowanne a ƙaramin sikelin lantarki, aka gasa a kasko da wuta kaɗan har nauyin ya daina raguwa, aka sake aunawa. Ƙasar ɗakin kwana ta zubar da fiye da kashi goma cikin ɗari na nauyinta. Ta ɗakin ajiya ba ta kai kashi huɗu ba, kuma hakan daidai ne, domin lafiyayyen bangon ƙasa ba ya riƙe ruwan da ya wuce kashi biyar zuwa shida. Bango ɗaya, ƙasa ɗaya, magini ɗaya, hadarin gabas ɗaya yake dukansu. Bambancinsu abin da aka shafa musu ne.

Sai aka bi sawun ruwan, aka samu ƙofofi uku. Kwanon da aka ɗora ba shi da gata mai tare ruwa, bakinsa kuma gajere ne, ruwa na zubowa a gindin bango ya fantsamo. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin ya kai murabba'in mita 60, don haka hadari guda mai milimita 40 yana sauke lita 2,400, durom goma sha biyu. Sakkwato na samun milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Na biyu, wurin wanke-wanke da alwala yana jikin bangon ta ciki, rariyarsa ta ratsa gindin bangon, simintin da aka lulluɓe ta da shi ya tsage. Wannan ba ya jiran damina, kullum ne. Na uku, mutanen lungu sun yi aikin gayya sun cike shi da ɓaraguzai sun zuba kankare, har ƙasar waje ta ɗara daɓen ɗaki da kusan taƙi guda.

Amma ɗakin ajiya ma yana shan biyu daga cikin ukun nan, ruwan kwano da na lungu, bai kuwa lalace ba. Sanin ƙofar da ruwa ya shigo bai isa ya warware zancen ba.

Ɗigo ɗaya a kan abu shida

A tsakar gida aka jera guntun tubali, guntun bulo, ɓallin filasta tsirara, ɓallin filasta mai fenti, leda, da wani tubali da tsohon maginin gidan ya shafe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Aka ɗiga wa kowanne ruwa da tsinke. A kan tubali ɗigon ya ɓace kafin ƙiftawar ido, ya bar baƙin tabo. Bulo ma haka, har ya fi saurin shanyewa. A kan filasta tsirara ya baje ya tsaya, yana shiga a hankali, amma da aka ɗiga a kan wata tsaga siririya kamar gashi, zuruf ya shige. A kan fenti da leda ya dunƙule yana ƙyalli, da aka karkata sai ya gangara bai bar komai ba. A kan makuba ya ɗan tsaya a dunƙule, ya jima, sannan ya lafa ya nutse.

Dalilin wannan bambanci yana cikin ƙirar ruwan kansa. Kowace ƙwayar ruwa haɗin zarra uku ce, oksijin ɗaya da haidurojin biyu, kuma ba a miƙe suke ba, sun yi kusurwa ta kusan digiri 104.5. Saboda wannan lanƙwasa, gefen oksijin yana ɗauke da ɗan cajin lantarki na ragi (−), gefen haidurojin na ƙari (+). Kowace ƙwaya na jan 'yar'uwarta, shi ya sa ɗigo ke dunƙulewa, shi ya sa kuma allura ke iya kwanciya a saman ruwa ba ta nutse ba. Haka nan tana jan duk wani abu mai caji a fuskarsa: yumɓu, yashi, siminti, gilashi, auduga, itace. In jan abin ya rinjayi jan da ruwa ke yi wa kansa, ɗigo ya baje ya shiga. Mai, kakin zuma, roba da leda ba su da irin wannan caji, ruwa bai da abin kamawa a jikinsu, sai ya koma ya kama kansa. Ganyen gwaza ya fi su duka, ruwa birgima yake yi a kansa.

Alhaji, maigidan, na ganin haka ya ce, "To ai ga ta nan. Fenti da siminti sun fi ƙasa tare ruwa." Gaskiya ya faɗa. Abin da bai lura ba, duk abin da ya tare ruwa daga waje yana tare shi daga ciki.

Ita ƙasar gini ba ta rabuwa da ruwa ko da ta bushe ƙayau. Ƙwayoyin yumɓu falle-falle ne, faɗinsu bai kai milimita 0.002 ba, kuma tsakanin falle da falle akwai shimfiɗar ruwa siririya ƙwarai da ke manne su. Wannan ɗan ruwan shi ke riƙe da tubali, yashi da tsakuwar birji su ba shi jiki, ramno, ciyawar da ake sawa a kwaɓi, ya hana shi tsagewa. In ruwan ya ƙaru, shimfiɗar ta yi kauri, fallayen su nisanci juna, ƙasa ta kumbura ta saki. In ya ragu ta tsuke. Wanda ya taɓa bin fadamar Kwalkwalawa da rani ya ga yadda laka ke dararrashewa har ƙafa na shiga. Bangon ƙasa yana wannan motsi kaɗan-kaɗan kowace shekara, ya buɗe da damina ya koma da rani.

Gwaji na biyu shi ya nuna yadda ruwa ke hawa. Aka zuba ruwa mai zurfin gaɓar yatsa a faranti, aka tsayar da bulo a ciki, aka tsayar da wani a gefe da leda a ƙarƙashinsa, an naɗo bakinta sama. Kafin a gama shan shayi baƙin layi ya tashi a jikin na farko, yana hawa, yana rage sauri. Na kan leda bai canza ba. Ƙananan ƙofofin da ke cikin bulo da tubali su ke wannan aiki: ruwa ya kama gefen ƙofa ya ɗan hau, ya jawo na bayansa, haka har nauyinsa ya yi daidai da ƙarfin jan. Iya ƙanƙantar ƙofa iya nisan hawa. Wani likita ɗan Ingila, James Jurin, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1718. A bututun gilashi mai faɗin milimita ɗaya ruwa na hawa kusan santimita 3. In faɗin ya koma kashi ɗaya cikin goma na milimita, santimita 30. In ya koma ɗaya cikin ɗari, mita 3. Ƙofofin cikin yumɓu sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Da wannan lissafi kaɗai ake bi, da kowane bangon ƙasa a Sakkwato ya jiƙe har rawaninsa. Abin da ke hanawa shi ne iska tana kwashe ruwan ta fuskokin bango biyu yayin da yake hawa. Layin danshin da ake gani a jikin gini shi ne inda abin da gindi ke tsotsowa ya yi daidai da abin da iska ke kwashewa. A ɗakin ajiya layin bai wuce idon sawu ba da damina, da kaka kuma ya ɓace. A ɗakunan kwana an rufe fuskar waje da siminti, ta ciki da siminti da fentin mai. Daɓen da a da yake fitar da danshin ƙasa an danne shi da tayil, tsakar gida an danne ta da kankare. An gwada manna leda a kan wata tsagar tayil aka kwana, da safe ƙasanta duk raɓa. Duk danshin da ke ƙarƙashin gidan hanya ɗaya ta rage masa, cikin bango, can ma ba mafita sai ya hau ya nemi tsaga.

Tsohon maginin, wanda ya yi wa mahaifin Alhaji yaɓe shekaru masu yawa, bai ji bayanin caji da milimita ba, bai kuma buƙace shi ba. Cewa ya yi, "Alhaji, ƙasa in ta sha ruwa, rana da iska ka karɓe shi. Ku kun shiga tsakani."

"To Baba, mi za mu yi? Mu koma ma yaɓe kamar ba mu da hali?"

Abin da ya sauko da shi daga uwargida ya fito. Ta ce tun da yara suka shafe ɗaya daga cikin randunanta da ragowar fentin ɗaki, ruwanta ya daina sanyi, ta mai da ita ta ajiyar gero. Randa tana sanyaya ruwa ne don tana naso. Ruwa ya bi ƙofofin jikinta ya fito, iska ta ɗauke shi, kuma kafin lita ɗaya ta bi iska sai ta kwashi zafi kusan kilojul 2,400, alhali kilojul 4.2 ya isa ya sauya zafin lita ɗaya da digiri guda. Wato in kashi ɗaya cikin ɗari na ruwan randa ya tashi, zafin da ya tafi da shi ya kai ya sauke sauran da kusan digiri shida, in ba wani zafin ya shigo ba. A kan wannan ne Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya gina dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. An yi wa bangon abin da yara suka yi wa randa, sai dai shi gindinsa a buɗe yake yana ci gaba da sha.

Laifin siminti da abin da ba laifinsa ba

Birkilan bai rage siminti ba. Ɓallin da ya faɗo da ƙyar guduma ta fasa shi, kuma a kan bangon ƙasa ƙarfin nan illa ne. Siminti ba ya haɗa jini da yumɓu, ɗafewa kawai yake yi. Ƙasa na kumbura tana tsukewa, shi yana tsaye ƙyam, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40 tana gasa fuskarsa dare ya huce. Ba a daɗe ba suka rabu, aka samu rata a tsakani, ruwan da ya shigo ta tsaga ya gangara ta cikinta ya taru a gindi.

Inda aikin ya gaza shi ne ban ruwa. Mutane da yawa na zaton bushewa ke sa siminti ƙarfi. Haɗuwa yake yi da ruwa ya zama wani abu dabam, kuma haɗuwar na ɗaukar lokaci, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfin kankare a kwana 28. Buhu mai kilo 50 lita 20 zuwa 25 ta ishe shi a kwaɓi. In an zarce don aiki ya yi laushi, rarar ruwan za ta fita ta bar ƙofofi. In kuma an bar shi ya bushe a kwanakin farko, haɗuwar ta tsaya a hanya, fuskar ta tsattsage. Wannan aiki da bazara aka yi shi, da ruwan da ake saye jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, aka cika ruwa a kwaɓi aka yi rowarsa a ban ruwa.

Ba ina kushe siminti ba ne. Masana'antar Kalambaina tana fitar da shi tun 1967, da dutsen da ake haƙa a nan bakin gari, kuma a kan bulo ko dutse ba abin da ya kama ƙafarsa. A kan tubali ne bai dace ba, ko wane kamfani ya yi shi.

Saura tambayar da ta fi ɗaure wa mutanen gidan kai: me ya sa filasta ba ta faɗo cikin Agusta ba, sai da hunturu? Amsar gishiri ce. Cajin nan da ke sa ruwa kama yumɓu shi ke sa ya narkar da gishiri, lita ɗaya tana shanye kusan giram 360 na gishirin miya. Ruwan da ke hawa bango yana ɗauke da gishirin ƙasa, da na sabulu da toka daga wurin wanke-wanke, da na fitsarin da ya daɗe yana shiga ƙasar tsohuwar unguwa daga masai da turke. Ruwa yana bin iska, gishiri ba ya bi. Da damina iska na da laima, gishirin yana narke, domin gishirin miya da kansa yake jan ruwa daga iska in laimarta ta haura kashi 75 cikin ɗari, kamar yadda kowace mai girki ta sani cikin Agusta. Da hunturu laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20, sai ya daskare ya yi ƙwaya. A bangon yaɓe, a fuska yake daskarewa, ya ci ɗan yaɓen, magini ya kankare ya sabunta. A bangon filasta kuwa a bayanta ya daskare, cikin ƙofofin tubalin kansa, ƙwayoyin suna girma suna ture ƙasa. Garin nan mai kaurin yatsa biyu aikin hunturu uku ne.

Ƙusoshi da ragar waya da aka kafa don su riƙe filasta sun ƙara nasu. Ƙarfe in ya samu ruwa da iska tsatsa yake yi, tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki biyu ko fiye, sai abin da aka sa ya riƙe ya koma turawa. Azarar rufi ba ta taɓu ba, danshin bai kai can ba. Dogaran ƙofar ɗaki ɗaya dai gindinsu ya ruɓe, gara ta bi laima ta shiga.

Magina na da ba su san sunan ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma kayan da suka zaɓa sun nuna sun san halin. Makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a kwaɓa ƙasar yaɓe da shi, tana sa ruwan sama ya zame kafin ya shiga, ba ta kuwa toshe ƙofofin da danshi ke fita. A kan soro sukan yi laso, haɗin katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara. Garin da ke da marina da majema kamar Sakkwato, sharar wata sana'a ce ke zama kayan aikin wata. Kuma sun ɗauki yaɓe a matsayin abin da ake sadaukarwa don tubali ya tsira. Babban masallacin Jenne a Mali, wanda ginin yanzu na 1907 ne, har yau duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi.

Sai dai kada a yi wa Alhaji rashin adalci. Yaɓen kowace shekara kuɗi ne da ƙura da kwashe kaya. Makuba ta yi wuyar samu, masu iya laso sun kusa ƙarewa, 'ya'yansu sun koma birkiloli. Ga kuma bakin mutane: ɗan kasuwar da ya bar gidan ubansa da jar ƙasa, sai a ce ya samu ya manta gida.

Gyaran

Ba a taɓa komai ba sai da aka tokare rufin da itatuwa, domin gindin bangon ya rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinsa a wasu wurare. Aka ɓamɓare filasta ciki da waje daga ƙasa zuwa ƙirji, gaɓa-gaɓa, ba a buɗe duka a lokaci ɗaya ba. Aka bar bangon tsirara ya sha sauran hunturu da bazara. Gishirin da ya riƙa fitowa da busasshiyar tsintsiya ake share shi a kwashe a kai nesa. An hana wankewa, don ruwa narkar da shi zai yi ya mai da shi ciki. Inda tubali ya mutu, magini ya cire ya sa sabo, da birjin da aka ɗebo daga wajen gari maimakon ƙasar kangon unguwa mai gishiri, sannan ya yi yaɓe da makuba a waje, farar ƙasa a ciki.

Sauran aikin na raba ruwa da gindin bango ne. Aka sa wa kwano gata da bututu mai zuba cikin durom. Aka mai da wurin wanke-wanke tsakiyar fili, rariya ta koma bututun roba. Aka fasa kankaren tsakar gida faɗin kamu ɗaya a bin bango, aka cike da tsakuwa, domin ƙofofin tsakuwa manya ne, ruwa ba ya hawa ta cikinsu, iska kuma tana shiga. Jeri ɗaya na tayil a bin bangon gabas aka cire aka mai da shi daɓe. A nan aka fi jan daga da matan gidan. Filastar sama da ta fuskar zaure Alhaji ya ce ba za a taɓa ba, aka bar masa, da sharaɗin a riƙa toshe tsaga kafin kowace damina. A ganina zaure zai biyo sahu, domin ƙwanƙwasa ta fara nuna holoƙo a kusurwarsa ta kudu. Sabon ɗakin bulo da ya gina wa ƙanensa kuwa an shimfiɗa leda mai kauri a kan harsashi kafin a ɗora jerin farko, kuɗinta bai kai na buhun siminti biyu ba.

Da damina ta zagayo, an ja layi da gawayi a iyakar danshi kowane wata. A ɗakuna biyu bai wuce ƙwauri ba cikin Agusta, kafin ƙarshen Nuwamba ya sauka. Warin ya tafi. Yaɓen gindi ya yi gishiri ya zuba a wurare, kuma za a sabunta shi bazara biyu ko uku kafin bangon ya gama amayar da abin da ya tara.

Ɗaki na uku bai warke ba. Shi ne inda lungu ya fi tudu, ruwan gidajen sama yana kwantawa a jikinsa, layin gawayi bai sauko ƙasa da gwiwa ba. Maganinsa a fasa kankaren lungu a bin bango a yi ƙaramar kwata mai gangara zuwa babbar, kuma lungu ba na mutum ɗaya ba ne. Waɗanda suka yi karo-karo aka zuba kankaren ba su ga dalilin fasa shi don bangon wani ba, duk da cewa gidaje biyu a jeren sun fara irin wannan bororon fenti. An kai maganar gaban mai unguwa, ya sa a zauna bayan girbi. Kafin nan an fitar da gado daga ɗakin, tokaran rufinsa kuma ba a cire ba.